Daga Ɗakin Jinya Zuwa Motar Kwana-Kwana: Matsayin Takardar Shaidar Jinya a Aikin Kashe Gobara

A duk lokacin da aka sanar da buɗe shafin ɗaukar sababbin jami'ai a hukumomin da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, dubban matasa kan yi tururuwa zuwa shagunan intanet domin cike takardun neman aiki. Daga cikinsu akwai waɗanda suka kammala makarantun koyon aikin jinya da ungozoma, suna riƙe da rajista da lasisi, amma guraben asibitocin gwamnati ba su kai kansu ba.

Tambayar da ke yawan fitowa daga bakin irin waɗannan matasa da iyayensu ita ce: shin takardar shaidar jinya tana da wani tasiri a Hukumar Kashe Gobara, ko kuwa wanda ya shiga can ya yi asarar shekarun da ya kwashe yana karatu?

Amsar a taƙaice ita ce, takardar tana da tasiri. Tana buɗe wa mai ita ƙofa ta musamman wajen ɗaukar aiki, kuma ilimin da ke bayanta yana ceton rai a wurin gobara. Sai dai ba ta ɗauke wa kowa horon kashe gobara, kuma ba ta yafe masa sharuɗɗan lafiya da ƙarfin jiki. Fahimtar wannan bambanci tun kafin a cike takarda ita ce za ta raba mai neman aiki da da-na-sani.

Yadda aikin kashe gobara yake a Najeriya

Aikin kashe gobara na zamani ya fara ne a Legas a shekarar 1901, a matsayin wani sashe na rundunar 'yan sanda. A 1963 majalisa ta yi dokar da ta kafa Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya a matsayin hukuma mai zaman kanta. A yau tana ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, Kwanturola-Janar ne ke shugabantarta, kuma tana horar da jami'anta a kwalejinta da ke Sheda, a yankin Kwali na Babban Birnin Tarayya.

Ɗaukar ma'aikata da ƙarin girma a hukumar suna hannun hukumar gudanarwa ta CDCFIB, wadda ke kula da jami'an tsaron farin kaya na Sibil Difens, da gidajen gyaran hali, da kashe gobara, da shige da fice.

Baya ga hukumar tarayya, jihohi suna da nasu hukumomin kashe gobara, waɗanda ke ɗaukar ma'aikata bisa tsarin aikin gwamnatin kowace jiha. Filayen jiragen sama, da tashoshin jiragen ruwa, da manyan kamfanonin mai da iskar gas su ma suna da nasu 'yan kwana-kwana. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da sharuɗɗansa, saboda haka abin da ya shafi hukumar tarayya ba lallai ne ya zama daidai da na Kano ko Legas ko Ribas ba.

Gurbin da aka ware wa ma'aikatan jinya

Ana shiga hukumar tarayya ta rukuni uku. Akwai rukunin sufuritanda na masu digiri, da rukunin sufeto na masu difloma da takardar shaidar malanta da makamantansu, sai rukunin mataimaka na masu takardar kammala sakandare da masu sana'o'in hannu irin su direbobi da makanikai.

A sanarwowin ɗaukar aiki na shekarun baya-bayan nan, an ware gurbi na musamman a rukunin sufeto domin ma'aikatan jinya da ungozomomi masu rajista. Ana ɗora su a kan mataki na 6 na tsarin albashin ma'aikatan lafiya, wato CONHESS, alhali sauran jami'ai suna kan tsarin albashin hukumomi masu kayan sarki, wato CONPASS. Wannan kaɗai ya nuna cewa hukumar tana ɗaukarsu ne domin sana'ar da suka koya.

Kalmar rajista tana da muhimmanci a nan. Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda aka kafa da dokar 1979, ita kaɗai ke da ikon yi wa ma'aikacin jinya rajista da ba shi lasisi bayan ya ci jarrabawarta. Wanda ya yi shekara 3 a makarantar koyon jinya ya ci wannan jarrabawa, ya cika sharaɗi. Haka ma wanda ya yi shekara 5 a jami'a ya samu digirin jinya tare da rajista. Amma wanda ya koyi yin allura da ɗaura ruwa a wani asibiti mai zaman kansa ba tare da ya bi ta makarantar da majalisar ta amince da ita ba, ba ya cikin wannan rukuni, komai daɗewarsa a bakin aiki.

Mai digirin jinya yana da zaɓi biyu da ya kamata ya auna da kyau. Digirinsa na iya ba shi damar neman rukunin sufuritanda, wanda ke farawa daga mataki na 8, idan sanarwar shekarar ta haɗa da fanninsa. Idan kuwa an taƙaita wannan rukuni ga wasu fannoni kamar injiniyanci, to gurbin jinya na rukunin sufeto ne ya rage masa, kuma hakan na nufin fara aiki a matakin da bai kai na takardarsa ba. Matakin da mutum ya shiga da shi yana bin sa shekaru masu yawa, domin daga nan ake lissafin ƙarin girma.

Sauran sharuɗɗan kuwa ɗaya ne ga kowa. Dole mai nema ya kasance ɗan Najeriya, ya kai shekara 18, kuma kada ya wuce iyakar da sanarwa ta gindaya, wadda takan kasance 30 ko 35. An saba neman tsawon da bai gaza mita 1.65 ba ga maza da mita 1.60 ga mata, da takardar shaidar lafiya daga asibitin gwamnati, da tabbacin cewa kotu ba ta taɓa samun mutum da laifi ba. Akwai jarrabawa ta kwamfuta, sannan tantance takardu da duba lafiyar jiki. Lasisin jinya ba ya tsallakar da kowa ko ɗaya daga cikin waɗannan matakai.

Abin da ya haɗa jinya da gobara

Jama'a da dama sun ɗauka aikin ɗan kwana-kwana ya tsaya ga fesa ruwa a kan wuta. Rahotannin da hukumomin kashe gobara na jihohi ke fitarwa suna nuna wani abu dabam. A Kano, alal misali, kiraye-kirayen ceto sun haɗa da mutanen da suka faɗa rijiya, da yaran da suka nutse a kududdufi, da waɗanda mota ta danne a kan hanya, da waɗanda gini ya rufta wa. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, fito da mutum rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne a riƙe numfashinsa da jininsa har ya isa asibiti.

Ko a cikin gobarar kanta, hayaƙi ya fi harshen wuta kisa. Hayaƙi yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, kuma tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kama shi da ninki sama da 200. Wanda ya shaƙe ta zai iya fitowa da ƙafarsa yana magana, yana ƙorafin ciwon kai da jiri kawai, alhali jininsa ya rage isar da oksijin ga ƙwaƙwalwa da zuciya. Ƙaramar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa domin auna oksijin takan nuna cewa komai lafiya, domin ba ta bambance jinin da ke ɗauke da oksijin da wanda ke ɗauke da gubar. Idan katifar soso da kayan roba suka ƙone, sukan ƙara da gubar sayanayid. Ma'aikacin jinya da ya san haka ba zai sallami mutum don ya ga yana tsaye ba.

Haka kuma ya san alamomin ƙunar maƙogwaro: dushewar murya, da babbakewar gashin hanci, da baƙin toka a cikin majina. Irin wannan majinyaci hanyar numfashinsa na iya kumbura ta toshe cikin 'yan sa'o'i, don haka shi ya kamata a fara kaiwa asibiti, ko da wani na kusa da shi ya fi shi kururuwa.

Akwai kuma lissafin faɗin ƙuna. A jikin babban mutum, ana ƙiyasta kai da wuya a matsayin kashi 9 cikin 100, kowane hannu kashi 9, kowace ƙafa kashi 18, gaban gangar jiki kashi 18, bayanta ma kashi 18. Daga wannan ƙiyasi ake fitar da yawan ruwan da za a ɗaura wa majinyaci. Bisa ma'aunin Parkland da aka daɗe ana koyarwa, mutum mai nauyin kilo 70 da kashi 30 na jikinsa ya ƙone yana buƙatar ruwa sama da lita 8 a cikin sa'a 24 na farko, kuma rabinsa a cikin sa'a 8 na farko. Ana fara ƙirga waɗannan sa'o'i daga lokacin da wutar ta taɓa shi. Ke nan duk sa'ar da aka ɓata a hanya ba tare da ƙarin ruwa ba, ƙodarsa ce ke biyan bashin.

Ma'aikacin jinya shi ne kuma zai hana 'yan uwa shafa wa ƙuna ɗanyen ƙwai, ko man goge baki, ko gishiri, ko baƙin mai, kamar yadda aka saba gani a unguwanni. Abin da likitoci suka amince da shi shi ne a kwarara ruwa mai tsabta, mai ɗan sanyi, a kan wurin na tsawon minti 20, ba tare da ƙanƙara ba, a cire zobe da agogo kafin kumburi, sannan a rufe da ƙyalle mai tsabta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna tana kashe mutum kusan 180,000 a kowace shekara, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Najeriya ta ga irin wannan da idonta. A watan Oktoba na 2024, fashewar tankar mai a garin Majiya da ke Ƙaramar Hukumar Taura a Jihar Jigawa ta hallaka mutum sama da 150. A watan Janairu na 2025, wata tankar ta fashe a mahaɗar Dikko a Jihar Neja, inda aka rasa sama da mutum 80. A irin wannan rana, masu rauni sun fi motocin asibiti yawa, kuma dole wani ya yanke shawarar wanda za a fara ɗauka. Tantance majinyata bisa tsananin rauninsu darasi ne da ake koya wa ma'aikatan jinya, musamman waɗanda suka ƙware a sashen agajin gaggawa.

Su kansu 'yan kwana-kwanan suna buƙatar mai kula da lafiyarsu. Aiki cikin zafi da kaya masu nauyi yana ƙarar da ruwan jiki, yana kuma takura zuciya. A Amurka, inda ake tattara alƙaluma a kai a kai, bugun zuciya na farat ɗaya ya daɗe yana kan gaba a cikin abubuwan da ke kashe jami'an kashe gobara a bakin aiki. A 2022, cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya aikin kashe gobara a jerin ayyukan da aka tabbatar suna jawo cutar daji. Auna hawan jini, da sa ido kan hutu da shan ruwa a lokacin doguwar gobara, da duba lafiyar jami'ai lokaci-lokaci, duk aikin sashen lafiya na hukuma ne.

Abin da takardar jinya ba ta koyarwa

Duk da wannan kusanci, kowane allazi da nasa amanu. Makarantar jinya ba ta koyar da halin wuta. Ba ta koyar da yadda ɗaki mai cike da zafi ke kamawa gaba ɗaya cikin daƙiƙoƙi, ko yadda buɗe ƙofar ɗakin da wuta ta cinye iskarsa ke jawo fashewa. Ba ta koyar da dalilin da ya sa ruwa ke ƙara rura wutar mai, ko haɗarin fesa shi a inda lantarki ke gudana, ko alamomin da ke nuna cewa rufi na gab da ruftawa.

Ba ta kuma koyar da aiki da tukunyar iska da ake goyawa a baya, ko jan mesa mai cike da ruwa zuwa hawa na uku, ko kafa tsani, ko ɗaure igiya domin sauka cikin rijiya, ko yanka ƙarfen mota domin fito da wanda ya maƙale. Kayan kariya tare da tukunyar iska sukan haura kilo 20, kuma iskar da ke cikin tukunyar takan ƙare da wuri idan mutum yana aiki mai wahala ko ya firgita.

Yanayin aikin ma ya bambanta. A asibiti, ana kawo majinyaci ne ga ma'aikacin jinya, a wuri mai haske, da likita a kusa, da magunguna a kabad. A wurin gobara kuwa akwai duhu, da hayaniya, da cunkoson jama'a, wani lokaci har da fushin mutanen unguwa da ke ganin motar ta makara. Ƙa'ida ta farko da ake koya wa mai ceto ita ce ya tabbatar da tsaron kansa da na wurin kafin ya taɓa kowa. An sha samun labarin wanda ya shiga rijiya domin ceto ɗan uwansa, rashin iska ya kayar da shi, aka fito da gawa biyu. Tausayin da aka raini ma'aikacin jinya a kansa yana buƙatar linzamin horo a irin wannan wuri.

Sannan hukumar ta masu kayan sarki ce. Akwai fareti, da bin umarnin na gaba, da aikin dare, da canjin wurin aiki zuwa kowace jiha. Wanda aka ɗauka a gurbin jinya shi ma zai bi ta horon farko na watanni kamar sauran takwarorinsa kafin a tura shi inda zai yi aiki.

Yadda wasu ƙasashe suka tsara abin

Dangantakar jinya da kashe gobara ta danganta da wanda aka ɗora wa alhakin motocin ɗaukar marasa lafiya a kowace ƙasa.

A Amurka, kusan kashi biyu cikin uku na kiran da hukumomin kashe gobara ke amsawa na neman agajin lafiya ne, gobara kuwa kaso kaɗan ce. Saboda haka yawancin hukumomin suna neman takardar shaidar ba da agajin gaggawa kafin ko bayan ɗaukar aiki. Abin lura shi ne, ko a can lasisin jinya ba ya zama wannan takarda kai-tsaye. Wasu jihohin suna da gajeren kwas da ke sauƙaƙa wa ma'aikacin jinya samunta, amma sai ya bi ta kwalejin kashe gobara, ya kuma ci gwajin ƙarfin jiki. Wani gwaji da ya shahara a can ya ƙunshi ayyuka 8 da za a kammala cikin minti 10 da daƙiƙa 20, mutum yana sanye da riga mai nauyin kusan kilo 23.

A Faransa, mafi yawan fitar da 'yan kwana-kwana ke yi ta ceton marasa lafiya da waɗanda suka yi haɗari ce, kuma suna da sashen lafiya mai likitoci da ma'aikatan jinya masu muƙamin hafsoshi. A Japan, hukumomin kashe gobara ne ke tafiyar da motocin asibiti. A Ingila kuwa an raba ayyukan biyu, motocin asibiti suna ƙarƙashin hukumar lafiya ta ƙasa.

Tsarin Najeriya ya fi kusa da na Ingila. Agajin gaggawa ya rarrabu tsakanin asibitoci, da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, da Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa da takwarorinta na jihohi, da shirin motocin agajin gaggawa na NEMSAS da Ma'aikatar Lafiya ta fara a Abuja a 2022. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112. Wannan rarrabuwa ta sa guraben jinya a hukumomin kashe gobara ba su da yawa idan aka kwatanta da na sauran jami'ai, kuma gasa a kansu tana da zafi.

Abubuwan da mai sha'awa zai auna

Na farko shi ne ya tantance abin da yake so. Akwai ma'aikacin jinya da ke aiki a cikin hukumar kashe gobara, a asibitinta ko motar agajinta ko kwalejinta. Akwai kuma ɗan kwana-kwana da ke shiga cikin wuta, wanda ya taɓa karanta jinya. Hanyoyi biyu ne, kuma gurbin da mutum ya zaɓa a ranar cike takarda shi ke ɗora shi a kan ɗaya daga ciki.

Na biyu shi ne lasisi. Majalisar jinya tana buƙatar a riƙa sabunta shi, tare da shaidar halartar kwasa-kwasan ƙara ilimi. Wanda ya bar nasa ya mutu saboda ya sa kaki, ya rufe wa kansa ƙofar komawa asibiti cikin sauƙi, kuma doka ba ta ba shi damar yin aikin jinya ba ko a cikin hukumar.

Na uku shi ne ƙwarewar hannu. Neman jijiya a jikin wanda jininsa ya zuba, ko farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya, abubuwa ne da ke dushewa idan an daɗe ba a yi ba. Shekara ɗaya ko biyu a sashen agajin gaggawa na babban asibiti kafin shiga hukumar tana da amfani ƙwarai. Haka ma kwasa-kwasan ƙwarewa da majalisar ta amince da su, kamar jinyar haɗurra da gaggawa, da jinyar ƙuna, da kula da lafiyar ma'aikata a wuraren aiki. Wannan na ƙarshe yana da kasuwa a kamfanonin mai da manyan masana'antu, inda sashen lafiya da na kashe gobara ke aiki kafaɗa da kafaɗa.

Na huɗu shi ne jiki. Wanda ya saba tsayuwar sa'o'i a ɗakin majinyata yana da juriya, amma gudu da hawa bene da kaya wani abu ne dabam. Da sanyin safiya ake kama fara, don haka motsa jiki ya kamata ya fara watanni kafin ranar tantancewa. Mai fama da asma ko ciwon zuciya ko farfaɗiya ya nemi shawarar likita tun da wuri, kada ya ɓoye, domin ɓoyewar na iya jefa shi da abokan aikinsa cikin haɗari.

Na biyar shi ne kaffa-kaffa da 'yan damfara. Hukumar CDCFIB ta sha nanata cewa neman aiki a hukumominta kyauta ne, kuma ta shafinta na intanet kaɗai ake yi. Duk wanda ya nemi kuɗi da sunan zai samar da gurbi ko takardar kama aiki, ya kamata a kai rahotonsa ga jami'an tsaro.

Ga hukumomin kuwa, musamman na jihohi, lokacin hunturu na kowace shekara yana tuna musu da buƙatar. Gobarar kasuwanni da ta gidaje tana ƙaruwa, kuma a garuruwa da yawa motar kashe gobara ce ke fara isa wurin, motar asibiti ta biyo baya ko kuma ba ta zo ba. Idan akwai ma'aikacin jinya mai lasisi a cikin tawagar, da tukunyar oksijin da ruwan ɗaurawa a hannunsa, wanda aka fito da shi daga hayaƙi zai fara samun kulawa tun a ƙofar gidansa, maimakon a jefa shi a bayan a-kori-kura a nufi asibiti da shi.